Batirin mota a zafin Kumasi, da abin da garanti ba ya biya

Ƙannena masu jan tasi da turoturo tsakanin Aboabo, Asawase da Kejetia, da ku da kuka sayi motar farko, ga kurakuran da suka ci mini batir tun kwanansa bai ƙare ba.

Mafi tsada shi ne ruwa. Na sha zuba ruwan leda a batir, ina ganin ai ruwa ruwa ne. Ba haka ba ne. Ruwan sha yana ɗauke da gishirin ƙasa da ke lalata farantan dalma na ciki. Tataccen ruwan batir kaɗai ake zubawa, kuma ba a ƙara asid, domin ruwan ne zafi ke ƙafewa, asid ɗin yana nan. Batir mai volt 12 yana da ɗakuna 6. Idan naka mai murfi ne, buɗe su duk wata, ka ga ruwa ya rufe farantan da kamar santimita 1. Kada ka cika har baki, zai tumbatsa ya ci ƙarfen mazauninsa. Farantin da ya leƙo sama ya bushe ba ya komawa yadda yake, ko an cika daga baya.

A ƙasashen sanyi batir kan yi shekara 4 ko 5. A nan, ga rana ga zafin inji cikin cunkoso, idan ka samu shekara 2 zuwa 3 ka gode wa Allah.

Sai caji. Sayi ƙaramar mita mai auna volt ka ajiye a mota. Da safe kafin ka tayar da inji, lafiyayyen batir zai nuna volt 12.6. Idan 12.2 ka gani, rabi ya rage, a kai shi caji. Inji na aiki kuma, ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka altaneta, na'urar da ke cajin batir a mota, ba ta ciyar da shi, ko bel ya saki. Idan ya doshi 15, dafa shi take yi: za ka ji wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, gefensa ya kumbura. Na taɓa sauya batir sau biyu alhali altaneta ce mai laifin. Kuma don Allah kada ka yarda wani ya cire kan batir inji na aiki wai gwaji yake yi. Ni na yarda, ban san hakan na iya ƙona kwamfutar motar ba.

Farin garin da ke taruwa a kan batir yana hana wuta wucewa, kik ya yi nauyi ka zaci batir ya mutu. Cire waya mai alamar ragi tukuna, sannan mai alamar tarawa, ka wanke da cokali 1 na bekin soda a kofin ruwa, ka shanya, ka mayar da ta ragi a ƙarshe, ka shafa ɗan man basilin. Ɗaure shi tam a mazauninsa, ramukan hanya na kakkaɓe farantan.

Yanzu garanti. Laifin masana'anta yake biya, kamar ɗaki guda ya mutu batir na sabo. Ba ya biyan wanda ya bushe, ko ya fashe, ko altaneta ta dafa, ko wanda aka bar mota a ajiye har ya sauka ƙasa. Na rasa haƙƙina sau ɗaya don ban karɓi rasit ba. Idan ka je Suame Magazine, kasuwar kayan mota ta Kumasi, kada ka tsaya a tambayar filet (wato faranti) 13 ne ko 15, duba lambar Ah, mai nuna yawan cajin da batir ke riƙewa, ta dace da wadda littafin motarka ya faɗa. Sa a auna shi a gabanka, sabon da bai kai 12.4 ba ya daɗe a shago. Sa mai shago ya rubuta ranar saye, lambar batir, lambar motarka da adadin watannin garanti, ya buga hatimi. Faɗa masa gaskiya idan motar haya ce, domin sau da yawa wa'adinta ya fi gajarta, gara ka sani tun kuɗin na hannunka. Ɗauki hoton rasit ɗin a waya, zafin cikin mota yana goge rubutunsa.