Yadda na raba ruwa mai nauyi da mara nauyi a cikin firiza

A cikin kowane moɗa na ruwa akwai ƙwayoyin da suka ɗan fi 'yan'uwansu nauyi. Kusan ɗaya cikin atam 6,400 na haidurojin shi ne diyuteriyam, wato haidurojin mai nauyi, wanda Harold Urey ya gano a 1931, kuma kusan ɗaya cikin 500 na oksijin nauyinsa 18 ne maimakon 16. Su ake kira aisotop. Harshe ba ya jin su, ido ba ya ganin su, amma duk lokacin da tururi zai koma raɓa ko ƙanƙara, masu nauyin ne ke rigan zama, marasa nauyin su daɗe a iska. Na yi shekaru ina rubuta wannan a allo a nan Katsina, daga ni har ɗaliban babu wanda ya taɓa gwadawa. Abin ya tsaya mini a rai, na ce sai na raba su da hannuna.

Kayan aikin ba su da yawa. Firizar gida ce da ke kan sola, domin aikin ba ya jure ɗaukewar wuta. Da zarar ƙanƙarar ta narke ta gauraya, an koma gidan jiya. Sai ƙaramin famfon iska irin na masu kiwon kifi, da 'yan kwalabe da aka jera, bututu na bi daga wannan zuwa wancan. Wani mai gyaran firiji a Ƙofar Ƙaura ne ya lanƙwasa mini bututun jan ƙarfe. Da na yi masa bayani ya ce, "Malam, ai ƙanƙarar da muke kankarewa a bango muna zubarwa kake nema." Gaskiyarsa. Wannan farar ƙanƙara mai kama da gari da ke kama bangon firiza ba daga ruwa ta daskare ba, kai tsaye daga tururin iska ta sauka, kuma ita ce ainihin abin da nake son nazari.

A watan Agusta na yi aikin, lokacin da iska ke cike da laima. Famfo ya turo iskar tsakar gida, ta ratsa kwalaben ɗaya bayan ɗaya a sanyin da ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, kowace kwalba ta kama rabonta. Na narkar da na kowacce daban, na ɗura a ƙananan kwalabe, wani abokin karatuna da ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje a waje ya auna mini su da na'urar lesa. Sakamakon ya fito a jere: kwalbar farko ta fi nauyi, ta ƙarshe ta fi kowacce ƙarancin diyuteriyam. Kamar shiƙar gero ne, tsaba ta faɗi kusa da ƙafar mai shiƙa, ƙaiƙayi iska ta yi gaba da shi.

Abu na farko da aikin ya koya mini shi ne rabuwar ba ta bayyana sai an bar wani tururin ya wuce. Idan sanyi ya kama tururin gaba ɗaya a kwalba guda, abin da ya shiga shi ne ya daskare, ba a raba komai ba. Na biyu, dole a sanyaya iskar a zubar da raɓarta tun kafin ta isa kwalbar farko, in ba haka ba ruwa ne zai fara tsatsafowa sannan ya daskare, kuma wannan lissafinsa daban. A daidai sifili, ruwa yana fin tururinsa diyuteriyam da kusan kashi 11 cikin 100, ƙanƙara kuwa da kusan 13. Sanyi na ƙaruwa tazarar na buɗewa: a digiri 40 ƙasa da sifili ta haura kashi 20. Dalilin shi ne ƙwaya mai nauyi ta fi riƙe maƙwabtanta a cikin ƙanƙara, kuma idan zafi ya yi ƙasa, ƙarfin da zai fizge ta ya mayar da ita iska ya ragu, sai ɗan bambancin nauyin nan ya yi tasiri sosai. Waɗannan alƙaluma sun samo asali daga awon da Liliane Merlivat da Guy Nief suka yi a Faransa suka wallafa a 1967.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne batun gaggawa. Da na ƙara wa famfon gudu, ƙanƙara ta taru da sauri, amma tazarar da ke tsakanin kwalaben ta ragu. Sanyin bai canja ba, iskar ma ita ce. Abin da ya faru shi ne alƙaluman littafi suna aiki ne idan an bar ƙanƙara da tururi sun yi musaya a natse har sun daidaita. Idan tururi ya yi wa iska yawa fiye da abin da za ta iya riƙewa, ƙwayoyi kan yi rige-rigen isa jikin ƙanƙarar, masu nauyin kuma sun fi nawa a hanya, tafiyarsu cikin iska ta gaza ta sauran da kashi biyu zuwa uku cikin ɗari. Ke nan ƙanƙarar na son masu nauyi, amma marasa nauyin ne ke rigan zuwa. Jean Jouzel da Merlivat sun yi bayanin wannan a 1984 game da dusar ƙanƙarar Antatika, inda lissafin daidaito shi kaɗai ya kasa fassara abin da ake aunawa. A ganina duk malamin da ya koyar da rabuwar aisotop a matsayin aikin sanyi kawai, rabin magana ya faɗa.

Wannan lissafi na rabuwar aisotop yana da nauyi, domin a kansa aka gina karatun yanayin dā. Tun 1964 Willi Dansgaard na ƙasar Denmak ya nuna cewa ruwan sama da dusar ƙanƙara suna rasa masu nauyi gwargwadon sanyin wurin da suka sauka. Girgijen da ya taso daga teku yana tafe yana zubar da nauyinsa, kafin ya kai tsakiyar Antatika diyuteriyam ɗinsa ya gaza na ruwan teku da kusan kashi 40 cikin 100. Da wannan ake karanta ƙanƙarar da aka haƙo a Dome C, wani wuri a Antatika, wadda ta adana tarihin shekaru 800,000. Awon 1967 ya tsaya ne a wajen digiri 40 ƙasa da sifili, abin da ya fi haka sanyi ƙiyasi aka riƙa yi. Masu bincike a Kofanhegan, babban birnin Denmak, sun sake awo a 2013 suka sami tazarar da ta fi ta dā girma, sannan a 2017 aka fitar da sakamakon wani ɗakin haɗa girgije da ke Karlsruhe a Jamus, wanda ya sauka har wajen digiri 80 ƙasa da sifili, shi kuma ya fi kusa da tsohon lissafin.

Wani zai ce ina ruwan Bakatsine da sanyin digiri 80. Yana bisa kanmu. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina kansa kan kai kilomita 15 ko fiye, kuma a can sanyin ya kai haka. Ƙanƙarar da hadari ya ɗaga zuwa can, idan ta koma tururi, tana mayar wa busasshiyar iskar sama diyuteriyam, da haka masana ke gane yawan ruwan da hadari ke kaiwa sama.

Ga mai son gwadawa, ya kula da ajiya fiye da komai. A cika kwalba har wuya, a toshe da kyau, a naɗe murfin. Iskar hunturu ta Katsina tana shanye ruwa ta ƙaramar kafa, kuma marasa nauyin take fara kwashewa, sai samfurin ya yi nauyin da ba nasa ba.

Da aka yi ruwa da ƙanƙara a unguwarsu, wata ɗaliba ta kawo mini a fulas ta ce, "Malam, a haɗa da wannan." Na karɓa, amma na ware ta gefe. Ƙanƙarar da ke faɗowa da hadari yawancinta ɗigon ruwa ne da ya yi sanyi ƙasa da sifili bai daskare ba, sai da ya bugi ƙwallon ƙanƙarar ya manne. Tsakanin ruwa da ƙanƙara rabuwar kaɗan ce, kusan kashi 2 cikin 100 a diyuteriyam, don haka abin da take ɗauke da shi labarin ɗigon girgijen ne a tsayin da ta girma, kuma sai an yanka ta zobe-zobe a auna kowane daban kafin a karanta shi.