Cen ɗin taimin na Hiace ɗin Baffa

Talata, Makka.

Aiki ɗaya na wuni a kai yau: Hiace ɗin Baffa, wadda yake jigilar kayan shago da ita tsakanin nan da Jidda. Tun jiya na ce ya kwanar da ita a ƙofar gareji, don ina so in ji tashin farko injin na sanyi. Ina murza makulli sai ƙara ta taso daga gaban injin, kacau-kacau, ta ɗan jima kafin ta lafa. Na jona na'ura ta ba ni P0016, wato kiranshaf (sandar da fistin ke juyawa) da kamshaf (sandar da ke buɗe bawul) sun daina tafiya a kan lissafi ɗaya. Na ce wa Baffa ina zargin cen ɗin taimin, wato sarƙar ƙarfe da ke haɗa su biyun.

"Ɗana, ba cewa aka yi cen ba ya mutuwa ba? Ni na san bel ake canzawa," in ji Baffa.

Na ce, "Haka ne Baffa, ba a yanka masa wa'adi irin na bel. Amma cikin baƙin mai yake rayuwa, in man ya lalace shi ma sai ya bi."

Injin motar 2TR ne mai lita 2.7, kuma a ƙarƙashin kujerun gaba yake zaune, sai an ɗaga kujera ake ganinsa. Ni da ɗan ƙanena muka tsiyaye ruwa da mai, muka sauke lagireto da fambel da fuli, har da kaskon mai, kafin murfin gaba ya yarda ya fito. Zafi ya haura digiri 40, sifanar da aka manta a rana ba ta taɓuwa.

Abin da na gani ya sosa mini rai. Man ya daskare a lungunan murfin, baƙi ƙirin kamar kwalta. Tanshina, wadda matsin mai ke turawa ta ɗame cen, ta fito kusan ƙarshenta. Robar da cen ke gogawa a kai ta yi kwari biyu, farcena na shiga ciki, gefenta kuma ya gutsure. Guntun na tsince shi a ragar famfon mai. Da na shimfiɗa tsohon cen kusa da sabo, bambancin tsawon ɗan kaɗan ne. Ƙananan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinsa ne suka cinye, kowace ta ba da 'yar rara, suka taru suka jinkirta buɗewar bawul.

Baffa ya rantse yana juyen mai daidai da kilomita, kuma na yarda da shi. Sai dai motocinmu na Makka suna shafe sa'o'i a cunkoson Shari'u Mansur da hanyoyin Harami, musamman da azumi da lokacin Hajji, injin na aiki, na'urar sanyaya mota a kunne, mitar kilomita kuwa ba ta ƙirga komai. A ganina mai mota a garin nan bai kamata ya jira lambar da aka rubuta masa ta cika ba.

Bayan la'asar muka soma ɗauri. Na kawo fistin na ɗaya can sama, na daidaita gaɓoɓin cen masu launi da alamomin da ke jikin haƙoran kamshaf biyu da na kiranshaf. Cen da tanshina da robobi duk sababbi na sa, har da ƙaramin cen na biyu mai juya sandunan rage girgizar injin, tunda an riga an buɗe wurin. Yaron ya miƙa hannu zai ɗauko murfi, na ce ya dakata. Na sa shi ya juya injin da hannu zagaye biyu, domin sai kiranshaf ya juya biyu kamshaf ke juya ɗaya. Ya ɗago a firgice: "Kawu, masu launin ba su dawo wurinsu ba!" Na nuna masa cewa ba za su dawo yanzu ba, alamomin haƙoran ake dubawa, kuma sun zauna daram. Haƙori ɗaya in ya goce mota ta rasa ƙarfi, in sun yi yawa fistin na iya dukan bawul.

Mun shafa gam, mun rufe, mun ɗaure notina bi da bi. Baffa ya so ya tafi da ita a daren nan saboda kayan da ke jiransa a Jidda. Na ba shi haƙuri, gam ɗin na bukatar ya kama. Gobe bayan asuba, in Allah ya kai mu, zan zuba mai da sabuwar filta, in tayar da ita da sanyi, mu gwada ta a hanyar Jidda tare da shi.