Firet na 14 da makonni ukun da ya ci mini

Daren jiya na danna tsirkiyar E, mafi kauri a jitar bes ɗina, a firet na 13 (firet su ne siraran ƙarafan da ke gicciye a wuyan jitar, inda ake danna tsirkiya) na kaɗa ta da ƙarfi, sautin ya fito garau, babu wannan ƙarar zirr da ta hana ni sakat tun ranar da na ɗaura tsirkiyoyi. Na sake kaɗawa, na sauko na 12, na hau har na 20, na koma tsirkiyar A na yi haka, sannan na kwantar da jitar a kan cinyata na zuba mata ido kamar ban taɓa ganinta ba. Abokan koyo, musamman ku da kuka gama haɗa jitar bes ɗinku amma ba ku kai ga saiti ba, ku nake yi wa wannan bayani, domin mafi yawan wahalar da na sha a makonni ukun nan ni na jawo wa kaina ita.

Kayan da na saya irin na ƙirar Precision ne, wadda kamfanin Fender ya fara fitarwa a 1951: tsirkiya huɗu, firet 20, wuyan da ake ɗaurewa a jiki da noti huɗu, tsawon tsirkiya kuma daga matashi (inda tsirkiyoyi ke kwanciya a saman wuya) zuwa jaki (ƙarfen da ke riƙe su a jikin jitar) inci 34, wato milimita 864. Aikin katako bai ba ni wahala ba. Na goge jikin da sanfefa mai lamba 220, na bi da mai 320, na shafa mai, na jira ya bushe, na sake gogewa na sake shafawa, har na daina ƙirga shafi nawa na yi, domin tsarin da na rubuta a takarda tun farko ya wargaje a mako na biyu. Haɗin wayoyi ma yini ɗaya ya ɗauka, in ban da cewa na manta wayar da ke zuwa ƙarƙashin jaki, sai da amfilifaya ta yi ta gurnani ko da hannuna yana kan tsirkiyoyi sannan na tuna, na kwance jakin na zura ta.

Ranar da na ɗaura tsirkiyoyi na saita su, komai ya yi daɗi daga firet na 1 zuwa na 11. A na 12 sai a ji wata 'yar ƙara can ƙasa-ƙasa, a na 13 kuwa tsirkiyar E da ta A kamar an saka ƙudan zuma a gwangwani, sautin ya shaƙe ya mutu kafin ya kai ko'ina. Daga na 14 zuwa sama lafiya lau. Tsirkiyar D da ta G ba su da wannan ƙarar ko kaɗan. Yanzu da nake rubuta wannan na ga amsar tana cikin waɗannan jimlolin, amma a lokacin ban tsaya na saurari abin da jitar ke gaya mini ba, sai na ɗauki alanki, ɗan makullin juya noti mai kusurwa shida, na nufi sandar wuya, wato ƙarfen da ke cikin wuyan da ake juyawa a miƙar da shi ko a sassauta, tunda ita ce abin da kowa ke fara ambata da an yi maganar ƙarar tsirkiya.

Na sassauta sandar kwatan juyi, na bar wuyan ya kwana, na gwada, ƙarar na nan. Na ƙara wani kwatan, na sake jira. Cikin kwanaki biyar wuyan ya lanƙwashe kamar baka, tsirkiyoyin suka yi nisa da allon yatsu a tsakiya har danna su ya zama aiki, amma firet na 13 bai sauya ba. Dalilin kuwa a fili yake ga wanda ya yi tunani: tsirkiyoyi huɗu suna jan wuya da nauyin da ya haura kilo 70, sandar kuma aikinta ta daidaita yawan lanƙwasar da wannan jan ke haifarwa, kuma lanƙwasar ta fi yawa a tsakiyar wuya, wajen firet na 7 da na 8. Can kusa da inda wuya ya shiga jiki katakon ya yi kauri, noti huɗu sun riƙe shi, tasirin sandar kaɗan ne. Ƙarar da ke fitowa a firet-firet na farko ita ce ke nuna wuya ya miƙe da yawa. Tawa a sama take, a wuri guda, a gefe guda.

A nan ne na kusa yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Alankin da ya zo da kayan ya ɓace mini a cikin tarkace, sai na ɗauki wani da ya yi kama da shi, ashe na inci ne, 3/16, wanda ya yi daidai da milimita 4.76, ramin sandar tawa kuwa na milimita 5 ne. Ya shiga, ya ɗan yi loko-loko, na ce ba komai. Da na zo mayar da sandar na matsa, sai na ji ya zame da wani irin laushi da ya sa gabana ya faɗi. Na haska ramin na ga kusurwoyin sun fara cinyewa. Da na sake matsawa sau ɗaya ko biyu da ramin ya zama zagaye, kuma da garin neman gira na rasa ido, domin sandar da ba ta juyuwa kusan sabon wuya take nufi. Na nemo alankin da ya dace, ya kama da ƙyar, tun daga ranar kuma na ɗaure shi da zare a jikin akwatin kayan aiki.

Daga sanda sai na koma kan jaki. Masu magana suna cewa an bar jaki ana dukan taiki, ni kuwa jakin na yi ta duka alhali ba shi da laifi. Na ɗaga sirdin E da na A, wato guntayen ƙarfen da kowace tsirkiya ke hawa a kan jaki, har notocinsu suka kusa ƙarewa, tazarar tsirkiya a firet na 12 ta kai milimita 4, ƙarar ta ragu amma ba ta tafi ba, jitar kuma ta zama abin da ba na sha'awar taɓawa. Na kwance wuyan na saka siririn kati a raminsa don sauya kusurwa, na mayar, na sake cirewa. Na zargi matashi, duk da na san da zarar an danna tsirkiya a kan firet matashi ya fita daga lissafi. Daga ƙarshe na zargi tsirkiyoyin da suka zo da kayan, na sayi sababbi masu kauri 45 zuwa 105 cikin dubu na inci, kuma duk wanda ya taɓa sayen tsirkiyoyin bes ya san ba a haɗa kuɗinsu da na ƙaramar jita. Na ɗaura su cike da fata, na danna na 13, zirr. Wannan kashe kuɗin shi ya fi yi mini ciwo, domin tsofaffin ba su da aibin komai.

Abin da ya dawo da ni hanya lissafi ne da na zauna na yi a bayan takardar da na zana haɗin wayoyi. Daga firet na 13 zuwa sirdi milimita 408 ne, daga na 13 zuwa na 14 kuma kimanin 23. Idan an danna tsirkiya a na 13, tana tashi ne a hankali daga kan firet ɗin har zuwa sirdi, saboda haka ratar da take samu a kan na 14 kashi ɗaya ce cikin kusan 18 na tsayin sirdin. Wannan 18 ɗin ba baƙuwa ba ce, ita ce 17.817 da ake raba tsawon tsirkiya da ita wajen fitar da mazaunin kowane firet. Idan tazara a na 12 milimita 2.4 ce, ratar da ke kan firet na gaba ba ta kai sulusin milimita ba, kuma a cikin wannan 'yar rata ce tsirkiya mafi kauri za ta yi ta kaɗawa. Firet ɗin da ya ɗara 'yan uwansa da kaurin takarda ɗaya ko biyu ya cinye rabinta ke nan. Domin a rama wannan ta hanyar jaki sai an ɗaga sirdi ninki 18 na abin da firet ɗin ya ɗara. Da na ga haka na fahimci dalilin da ya sa milimita 4 ma ba ta wadatar ba.

Na sayi ƙaramin ƙarfen nan mai gefe huɗu mabambanta tsawo da ake ɗorawa a kan firet uku-uku. Na cire tsirkiyoyi, na miƙar da wuyan sarai da sanda, na fara bi daga na 1. Ko'ina ƙarfen ya zauna daram, sai da na ɗora shi a kan 13, 14 da 15 ta gefen E, ya fara rawa yana ƙas-ƙas, alamar na 14 da ke tsakiya ya fi sauran tsayi. Ta gefen G kuwa shiru. Aikin da bai kai minti biyu ba ya nuna abin da na yi makonni ina nema.

Saura kaɗan na ɗauki magagari nan take, amma na ce bari in duba dalilin tsayin nasa. Na ɗauki ma'aunin rata mai siraran faranti, irin wanda makanikai ke auna bakin filogi da shi, na gwada farantin 0.05 a ƙarƙashin kafaɗar firet ɗin, sai ya shige. Ashe firet ɗin bai zauna a raminsa ba, bakinsa na gefen E a ɗage yake, idan na danna shi da kan katako yana sauka, idan na saki ya dawo. Da na goge shi a haka da na rage masa tsayi a banza, domin yana nutsewa a ƙarƙashin magagari ya taso bayan an wuce, kuma ranar da ya zauna da kansa sai ya zama gajere. Na buga shi da guduma mai kan roba, ya ƙi zama. Sai na shafa kakin zuma a allon yatsu ta gefe da gefensa don kada gam ya kama katakon, na ɗiga sufa gulu mai ruwa-ruwa a bakin ramin ya tsotse shi zuwa ciki, na ɗora guntun katako na matse shi da matsi na tsawon minti goma. Da na kwance, farantin ya daina shiga.

Rawar ta ragu sosai amma da saura, kuma a nan na sake yin gaggawa. Na shafa wa kan firet ɗin baƙar maka, na goge shi shi kaɗai, na wuce gona da iri, na 14 ya zauna lafiya sai na 15 ya fara rawa. Na taɓa na 15, na 16 ya amsa. Na ajiye magagarin na fita daga ɗakin, domin na ga inda abin zai kai ni.

Washegari na yi abin da ya kamata a ce na yi tun kafin in ɗaura tsirkiyar farko. Na rufe allon yatsu da tef ɗin takarda, firet-firet kaɗai na bari a waje, na rufe fikof ma, wato abin da ke ɗaukar sautin tsirkiyoyi zuwa amfilifaya, saboda maganaɗisunsa na jan garin ƙarfe, na shafa maka a kan duka 20 ɗin, na manna sanfefa mai lamba 320 a jikin dogon ƙarfe miƙaƙƙe, na riƙa tura shi bisa tsawon wuyan ba tare da dannawa ba, nauyinsa kawai ke aiki, ina bin gantsarewar allon daga gefe zuwa gefe. Makar ta fara gogewa a wuraren da suka fi tsayi, kuma abin mamaki na 5 da na 9 ma sun ɗan ɗara, ko da yake ba su taɓa yin ƙara ba. Na tsaya daidai lokacin da kowane firet ya nuna farin layi daga baki zuwa baki. Daga na 15 zuwa na 20 na ƙara 'yan gugar da za su sa su ɗan gangara. Sannan aikin da ya fi cin rai ya zo, wato mayar wa kowane firet ƙusumbinsa: a sake shafa maka, a goge gefe da gefe da magagari mai kwarmi har sai baƙin layi siriri kamar zare ya rage a tsakiya, kada a taɓa layin. Firet 20, kowanne da mintocinsa, wuyana da kafaɗuna suka riƙe. Magagarin mai kwarmi shi ma ya ci kuɗi fiye da yadda na zata ga abin da zan yi amfani da shi sau ɗaya a shekara, amma wannan ban yi nadamarsa ba. Na bi da sanfefa 400, 800, 1500, har suka yi ƙyalli.

Saitin bayan haka bai kai awa ɗaya ba, abin da a da ya gagare ni makonni. Na sa kafo, ɗan matsin da ke danne tsirkiyoyi duka, a firet na 1, na danna na ƙarshe, na auna a na 8, na juya sanda har ratar ta tsaya a milimita 0.3, wanda shi ne kusan abin da Fender ke ba da shawara. Na sauke sirada, tazarar E a na 12 ta dawo 2.4, ta G kuma 2. Sautin da ake dannawa a na 12 ya ɗan yi sama a tsirkiyar E da ta A, na ja siradansu baya har ya yi daidai da sautin da ke fita idan an taɓa tsirkiyar sama-sama a wurin. Katin da na taɓa sakawa a ramin wuya yana cikin shara, ba a buƙatarsa.

Abu biyu suka rage. A tsirkiyar G, wajen firet na 6 da na 7, sauti yana saurin mutuwa, amma wannan sananniyar ɗabi'a ce ta wuya irin wannan ƙira, babu ƙarar ƙarfe a ciki, kuma na yi alkawari ba zan kusanci wurin da magagari ba. Na biyu, ramin wayoyi yana jiran tef ɗin tagulla, domin har yanzu akwai siririn tsaki idan na ɗauke hannu daga tsirkiyoyi kusa da fitila. Tef ɗin yana kan tebur tun shekaranjiya, sai dai yin aikin yana nufin in kwance murfin gaba da notocinsa duka, ni kuwa yau ba na jin zan iya ajiye jitar nan na tsawon haka.