Laraba: fiffiken Nantucket ya hana ni sukuni

Ruwa tun asuba. Shayi, burodi, aiki kaɗan.

Da la'asar Yaya ya kira, hira ta kai mu ga tsibirin Nantucket na jihar Massachusetts a Amurka, da rigimar mazaunansa kan injinan samar da wutar lantarki daga iska. Ya ce, "Ƙanina, ai masu kuɗi ne kawai, ba sa son fanka ta tare musu kallon teku." Na ce masa, "Yaya, maganar ta wuce nan." Layi ya katse, ga ni dare ya yi ina ta juya ta a rai.

Vineyard Wind 1 injinan iska 62 ne a cikin teku, mil 15 kudu da tsibirin, kowanne megawat 13. Wata ƙungiyar mazauna ta kai ƙara a 2021, ta ce ƙugin kafa turaku a ƙasan teku zai cutar da wani nau'in kifin whale da bai kai 400 ba a duniya. Sun faɗi a 2023, sun faɗi a ɗaukaka ƙara a 2024, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraronsu. Alƙali a irin wannan shari'a ba ya auna kyau ko munin aikin. Abin da yake dubawa shi ne ko hukuma ta bi matakan da doka ta shimfiɗa kafin ta ba da izini. In ta bi, magana ta ƙare.

Ita hukumar garin tun 2020 ta ɗaure hannunta: ta karɓi yarjejeniyar dala miliyan 16 a kan za ta goyi bayan aikin.

Sai ranar 13 ga Yulin 2024 fiffiken ɗaya daga cikin injinan, mai tsawon mita 107, ya karye. Ana ƙera fiffiken ne ɓari biyu, da zaren gilashi da soso mai tauri, sannan a manne su da gam. GE Vernova, kamfanin da ya ƙera injinan, ya amsa cewa gam ɗin bai kama sosai ba a masana'antarsa ta Gaspé a Kanada, kuma masu duba inganci ba su gano ba. Igiyar ruwa ta kwaso ɓaraguzai masu kaifi ta zube a gaɓar kudu, aka hana wanka ana tsakiyar kakar baƙi, lokacin da mai otel da mai shago ke haɗa kuɗin shekara. Yaya bai lissafa waɗannan ba. A 2025 kamfanin ya yarda zai biya garin dala miliyan 10.5, ta hanyar sulhu.

A watan Maris 2025 garin da kansa ya maka gwamnatin tarayya a kotu kan wani aikin, SouthCoast Wind, yana kafa hujja da dokar kare wuraren tarihi. A ganina wannan ƙofar ta fi ƙarfi, don tsibirin gaba ɗayansa yana cikin wuraren tarihi na ƙasa.

Na tura wa Yaya saƙo. Har yanzu bai buɗe ba.