Farautar BCR-ABL1 a jinin marasa lafiya a Gombe

Aikin da na ɗauka don digirina na biyu gajere ne a takarda: in nemi alamar wani furotin da ake kira BCR-ABL1 a jinin masu fama da wata sankarar jini mai tafiyar hawainiya, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da CML, in kuma bi sawun yadda alamar ke raguwa bayan sun fara shan magani. Ɗakin gwajin wani babban asibiti a Gombe ne wurin aikina. Marasa lafiyar kuwa daga ko'ina suke zuwa: Kumo, Dukku, Kaltungo, Bajoga, wasu ma daga Biu da Potiskum da Numan.

Kusan duk da kama ɗaya suke isowa. Mutum ya rame, yana gumin dare, ko loma biyu ya yi sai ya ji ya ƙoshi, saifa ta kumbura ta sauko har wajen cibiya. In ka ɗaga rigarsa sau da yawa za ka ga tabon tsaga ko na ƙaho a gefen hagu na ciki, shaidar cewa wanzami ya riga mu ganinsa. Ya sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod har ya gaji. Lafiyayyen mutum yana da fararen ƙwayoyin jini tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikurolita. Mai CML kan zo da fiye da 100,000.

Tushen cutar sananne ne tun da daɗewa. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka lura da wani ɗan guntun kuromozom, wato zaren da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, a jinin masu wannan cuta, aka raɗa masa sunan birnin da suke aiki, Filadelfiya. Sai a 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Chicago ta nuna cewa ba guntulewa kawai ya yi ba, musaya aka yi: kuromozom na 9 da na 22 sun karye sun yi musayar wutsiya. A wurin ɗinkin, ƙwayar gado ta BCR da ke kan na 22 ta manne da ta ABL1 da ta taso daga na 9, kuma ƙwayar halitta tana karanta su biyun a matsayin umarni guda. Abin da ke fitowa shi ne haɗaɗɗen furotin, kansa na BCR, gangar jikinsa ta ABL1.

Ban fahimci dalilin da wannan haɗi yake da haɗari ba sai da na zauna na bi yadda saƙo ke tafiya a cikin ƙwayar halitta. Ƙwayar ɓargo ba ta rabuwa biyu don ganin dama. Umarni take jira daga waje, kamar yadda saƙon sarki ke bi ta hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa kafin ya isa ƙofar gida. Kowane furotin a wannan jeri yana miƙa saƙon ne ta hanyar liƙa wa na gabansa ɗan sinadarin fosfet da ya ciro daga ATP, sinadarin da ke ɗauke da makamashin ƙwayar halitta. ABL1 ɗaya ne daga masu wannan liƙi, irin waɗanda ake kira tairosin kainas, kuma a asalinsa yana da wani sashe a kansa da ke lanƙwasowa ya kulle shi har sai an buƙace shi. Haɗuwarsa da BCR tana yanke wannan sashe. Bugu da ƙari, guntun BCR ɗin yana sa furotin ɗin su riƙa cuɗuwa da juna suna kunna juna. Sai ka sami dagacin da ke ta aika umarni dare da rana alhali babu abin da ya fito daga fada. Ta hanyar furotin RAS da ERK ana ce wa ƙwayar ta ci gaba da rabuwa. Ta hanyar PI3K da AKT, da kuma ta STAT5, ana ce mata kada ta mutu ko da wa'adinta ya cika. Haihuwa ba tsayawa, mutuwa ta yi ƙaranci. Dole jini da saifa su cika.

Wannan duka a littafi yake, kuma a ganina shi ne ɓangare mafi sauƙi. Wahalar ta fara ne daga kwalbar jini.

Ba furotin ɗin kansa muke nema ba, saƙon RNA da ake ƙera shi da shi muke nema, sannan mu mayar da shi DNA mu ninninka shi da na'urar PCR har ya ganu. RNA kuwa abu ne marar ƙarko. Sinadaran da ke cinye shi suna kan fatar hannunka, suna cikin gumi, suna cikin jinin kansa. A zafin Gombe na watan Maris da Afrilu, jinin da aka ɗiba da safe a ƙaramin asibiti aka saka a aljihun ɗan rakiya, ya biyo motar haya, ya iso bayan la'asar, ba lallai a sami abin kirki a cikinsa ba. Kwalbar ma tana da ƙa'ida. Mai murfi shunayya, wato mai sinadarin EDTA, ita ce ta aikin. Mai koren murfi tana ɗauke da hefarin, shi kuwa yana daƙile PCR, sai ka sami sakamako fayau kamar babu cuta. Wasu samfura sun riƙa zuwa mana a koriyar kwalba daga waje, don ita ce ke hannun mai ɗiba a ranar. Maganin abin bai wuce zagayawa da ƙafa ba: na bi ma'aikatan ɗibar jini ɗaya bayan ɗaya, na nuna musu kwalbar da ido, na bar musu kwali guda da lambar wayata a jiki.

Sai maganar sanyi. RNA da aka tsame yana son firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, irin wannan firiza kuwa ba ta jure ɗaukewar wuta. Duk narkewa da sake daskarewa yana rage abin da ke cikin kwalba. Shi ya sa na koma raba kowane samfuri ƙananan kaso, kuma in mayar da RNA zuwa DNA a ranar da na tsame shi ko da zan kai dare, domin DNA ya fi juriya nesa ba kusa ba.

Darasin da ya fi kowanne zauna mini shi ne cewa sakamakon "babu" ba shi da daraja sai da shaida. Duk samfurin da muka gwada, muna gwada lafiyayyen ABL1 a cikinsa tare. Idan shi ma bai fito ba, ko ya fito kaɗan, to RNA ɗin ne ya lalace, ba cutar ce ta tafi ba. A gwajin ƙidaya, ƙa'idar da aka saba ita ce a sami aƙalla kwafi 10,000 na ABL1 kafin a yarda da samfuri. A gefe guda kuma muna saka RNA na ƙwayoyin K562, waɗanda aka samo daga wata mata mai CML tun shekarun 1970 ake kuma rainonsu a ɗakunan gwaji na duniya har yau. Su dole su nuna alamar. A ɗaya gefen muna saka ruwa zalla. Shi dole ya fito wayam. Ranar da ruwa ya nuna alama, aikin ranar ya tashi, don ƙurar PCR ɗin jiya ta shiga na yau. Saboda haka ɗakin haɗa sinadarai daban, ɗakin buɗe sakamako daban, kuma rigar da ka shiga na biyu da ita ba ta komawa na farko.

Idan komai ya tafi daidai, za ka ga layi mai haske a kan jel, abin da ake tantance guntayen DNA a kansa. Nau'i biyu suka fi yawa, e13a2 da e14a2, bambancinsu haruffan gado 75 ne kacal, kuma dukansu furotin p210 suke bayarwa. Akwai ƙaninsu e1a2 mai bayar da p190, wanda aka fi gani a sankarar jini mai saurin kisa ta ALL. Sanin nau'in tun farko ba ƙawa ba ce: na'urar GeneXpert, wadda mutanenmu suka sani da gwajin tarin fuka, tana da kwanson ƙidaya BCR-ABL1, amma na yau da kullum nau'ukan p210 biyun nan yake gani. Mai nau'in da ba kasafai ake samu ba sai ta ce masa babu komai alhali cutar na nan daram.

Ƙidayar ce ke gaya mana ko magani na ci. Imatinib, wanda Brian Druker da abokan aikinsa suka kai ga gwaji a jikin mutane, Amurka kuma ta amince da shi a 2001, yana zama ne a gurbin da ATP ke shiga, sai furotin ya rasa fosfet ɗin liƙawa. Miligiram 400 a rana shi ne abin da aka saba farawa da shi. A ma'aunin da ya ɗauki matsakaicin yawan alamar kafin fara magani a matsayin 100, ana son alamar ta sauko zuwa kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata 3, kashi 1 a wata 6, kashi 0.1 a wata 12.

To idan lamba ta ƙi sauka, ko ta sauka ta sake hawa fa? Nan ne ɗalibi ke zumuɗi. Mun karanta labarin T315I, sauyin da ke canza ginshiƙi ɗaya tak a gurbin ATP ya hana imatinib da dasatinib da nilotinib zama, sai dai a koma ga ponatinib ko asciminib. Kowa na son a ce a samfurinsa aka gano irin wannan. Amma shugabar sashenmu tana da tambayoyi uku da take yi kafin ta saurari zancen sauyi: samfurin lafiyarsa ƙalau? Mutumin yana shan maganin kullum? Me kuma yake sha bayan shi? Na ga amfanin tambayoyin nan fiye da yadda na zata. Shekaru da dama cibiyar da ake karɓar imatinib kyauta a Najeriya, ƙarƙashin shirin GIPAP da ya fara a ƙasar a 2003, asibitin koyarwa na Ile-Ife ce. Alheri ne babba, amma daga Gombe tafiya ce ta kwana a hanya, ga kuɗin mota, ga gona ko shago da za a bari. Wani yakan raba ƙwaya, yau ya sha gobe ya tsallake, don ta kai shi girbi. Wani da ya ji ƙarfi, saifa ta koma, sai ya ajiye sauran. Wani kuma an ɗora shi kan maganin tarin fuka, rifamfisin kuwa yana sa hanta ta ƙone imatinib da sauri. Wani bincike da aka yi a asibitin Hammersmith na Landan a 2010 ya nuna cewa waɗanda ke shan ƙasa da kashi 90 cikin 100 na ƙwayoyinsu ba kasafai suke kai wa ga matakin da ake nema ba. Idan haka ne a Landan, ina ga mai zuwa daga Dukku?

Akwai kuma dalilin da ban taɓa kawowa a rai ba. Wata matar aure ta daina sha saboda fatarta ta yi haske, dangin miji suka fara gulmar cewa man bilicin take shafawa. Ashe imatinib ba ABL1 kaɗai yake toshewa ba, yana taɓa wani ɗan'uwansa mai suna KIT, wanda ƙwayoyin da ke ba fata launi suka dogara da saƙonsa. Zanen kibiyoyin da nake haddacewa don jarrabawa, ga shi ya fito a fuskar mace har yana neman taɓa aurenta. Sai da likita ya kira mijin ya zaunar da shi ya yi masa bayani.

Takardar neman amincewa ma ta koya mini magana. Mutanenmu ba su manta da gwajin maganin sanƙarau na Kano a 1996 ba, don haka duk wanda ya tambaye ni inda za a kai jininsa, haƙƙinsa ne in amsa dalla-dalla, da Hausa ko a nemo mai Fulatanci. Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Ɗana, ka ce a cikin ƙwayar gado abin yake. 'Yata an sa mata rana. In gaya wa mutanen ko in yi shiru?" Na ce, "Baba, wannan ba irin sikila ba ce. Ba a haife ka da ita ba, ba ka kuma ba 'ya'yanka ba. A ɓargonka kaɗai karayar ta faru, bayan ka girma." Tun daga ranar nake faɗin wannan tun kafin a tambaya. Matan da ke shekarun haihuwa kuma likita kan gargaɗe su daban, domin maganin na iya cutar da ɗan tayi.

Ɗalibai 'yan'uwana sukan ɗauka duk karayar kuromozom haɗaɗɗen furotin take haifarwa. Ba haka ba ne. Sankarar Burkitt da ke kumbura muƙamuƙin yara, wadda Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958, musaya ce tsakanin kuromozom na 8 da na 14, amma furotin MYC da ke fitowa na asali ne, yawansa ne kawai ya wuce kima. PML-RARA kuwa, na kuromozom 15 da 17, haɗi ne na gaske, haka ma EML4-ALK da aka gano a sankarar huhu a Japan a 2007. Kuma ba kowane haɗi ne masifa ba. Ɗan Adam ma yana ƙera nasa da gangan. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na R21, da aka fara yi wa yara a Kebbi da Bayelsa a Disambar 2024, guntun furotin ƙwayar maleriya ne aka ɗinke da furotin fatar ƙwayar ciwon hanta nau'in B.

Yanzu hankalina ya koma kan matsalar hanya. Masu bincike a Seattle sun nuna cewa ana iya ɗiga jini a kan takarda ta musamman, ya bushe, a aika ta gidan waya, a kuma ƙidaya BCR-ABL1 daga cikinsa. Shirin da nake rubutawa shi ne a ɗibi jini ɗaya a raba biyu, rabi a gwada shi ɗanye a ranar, rabi a busar a ajiye a zafin ɗaki irin na Bajoga a watan Afrilu, sannan a kwatanta lambobin. Takardar shirin tana gaban kwamitin ɗa'ar bincike, ni kuma ina neman kuɗin kwanson gwaji.