Daga Tiga zuwa Gashuwa: bin sawun kogin Haɗeja

Sana'ata awon ruwa: nawa ke gudana a kogi, nawa ƙasa ke sha, nawa rana ke ɗauka. A hunturun da ya wuce aka haɗa ni da wani ɗalibin jami'a mai son shiga wannan fanni, muka bi kogin Haɗeja tun daga sama har inda ya haɗu da na Jama'are. Tsohuwar a-kori-kura muka hau, bayanta cike da igiya, rigunan ruwa da akwatin na'ura.

Daga madatsar ruwa ta Tiga muka fara, domin a can ake yanke wa kogin hukunci. An kammala madatsar a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gina ta don ta riƙe ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A 1992 aka ƙara ta Challawa a ƙasar Karaye. Tun daga nan, ruwan da zai wuce Wudil da rani ba damina kaɗai ke faɗinsa ba, har da hannun da ke juya ƙofofin madatsun nan biyu.

A filayen noman rani na Kadawa da Kura abin gwanin sha'awa. Babbar magudana na kawo ruwa ba inji ba fetur, gangara ce kawai, manoma na zuƙo shi zuwa kunyoyinsu da guntayen bututun roba. Tumatir kwando-kwando a Kwanar Gafan, manyan motoci na jiran lodi zuwa Kudu. Sai dai da muka taka zuwa ƙarshen wata ƙaramar magudana muka tarar da ita a bushe, mai gonar ya kafa injin ban-ruwa a kwatar da na sama ke zubar da rarar ruwansu. Na kusa da bakin magudana kuwa sun cika gonakinsu har ƙasa ta jiƙe sharkaf, wani wurin farin gishiri ya fara tasowa. Da alkama aka yi lissafin noman rani a wannan fili lokacin da aka tsara shi, yanzu kuwa shinkafa ta mamaye, ita kuma ba ta ƙoshi da ruwa.

A gadar Wudil na bar yaron ya yi awonsa na farko. Muka miƙa igiya daga gaɓa zuwa gaɓa, muka raba faɗin kogin gida-gida. A kowane gida mai kwalekwale zai tsaya, a auna zurfi, sannan a zura ƙaramar farfela har ta wuce rabin zurfin da kaɗan, a ƙirga juyawarta don a san gudun ruwan. Faɗi sau zurfi sau gudu, a tara duka, shi ne yawan ruwan da ke wucewa a daƙiƙa guda. Aikin ba wuya a takarda. A cikin kwalekwale mai rawa, iskar hunturu na kaɗa littafi, masu haƙar yashi na yi maka tsiya daga nesa, wani abu ne daban. Su ma masu yashin suna cikin lissafinmu, don duk tifar da ta fita ta canja gindin kogin, awon bara ba zai yi bana ba.

Ringim da Taura wucewa kawai muka yi. A Haɗeja muka kwana, muka ci soyayyen kifi, da asuba muka nufi ƙasar Kirikasamma da Guri, inda kogin ke rarrabuwa: tsohon kogin Haɗeja, Burum Gana, da mashigar Marma mai zuwa tafkin Nguru.

Nan ne ainihin abin da ya kawo ni. Kachalla, doguwar ciyawar nan ta ruwa, ta cinye wurin. Ta fi mutum tsawo, ta haɗe kai da kai, sai wata siririyar hanya da masunta suka sare da lauje don jirginsu ya ratsa. Mutane da yawa na zaton ƙarancin ruwa ne ya kashe fadamun nan. Ni abin da awo ya nuna mini shi ne lokacin zuwan ruwan ne ya rikice. A da, kogin kan cika da damina ya malale fadama, da rani ya janye, ƙasa ta bushe, a shuka wake da sauran kayan rani a danshin da ya bari, shanun Fulani su shigo kiwo. Bushewar nan ita ke hana kachalla sakat. Da aka koma sakin ruwa shekara zagaye saboda noman rani da ruwan shan Kano, sai gindinta ya daina bushewa. Ta tare laka, lakar ta toshe hanya, ruwa ya juya ya kwanta a gonakin da ba a bukatarsa, ƙauyukan gaba kuma suna kallon busasshen kwari. Ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikin kachallar, su fito da safe su far wa shinkafa da gero, ga sauro da katantanwar tsargiya.

A wani ƙauye muka sami dattijon da ke karanta sandar awo, wani allon ƙarfe mai zane-zanen lamba da aka kafa a gaɓa. Kullum bayan sallar asuba, da kuma yamma, yakan je ya duba inda ruwa ya tsaya ya rubuta. Ya fito mana da littattafansa a ƙulle cikin leda, na farkon har sun yi ja. Na ce, "Baba, alawus na zuwa kuwa?" Ya yi dariya ya ce, "Malam, in na jira shi ai ruwan ba zai jira ni ba." Sannan ya juya ga ɗalibin: "Ɗana, kada sandar nan ta ruɗe ka. Tana nuna ruwa ya hau, alhali ba tafiya yake ba, tsayawa ya yi." Muka zura farfela, da ƙyar take juyawa. Gaskiyarsa. Duk wani lissafin kwamfuta da muke taƙama da shi a ofis, a kan rubutun irin waɗannan mutane yake tsaye, kuma inda aka bar littafin ya yi giɓin shekara biyar, babu digirin da zai cike shi.

A 2000 aka saka tafkin Nguru da mashigar Marma cikin dausayoyin da yarjejeniyar Ramsar ke karewa, saboda tsuntsayen da ke tasowa daga Turai su yi hunturu a nan. Mun gan su kuwa a wajen Dagona, garke-garke. Tun farkon shekarun 1990 masana tattalin arziki suka yi lissafi suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malale fadamun nan ya fi kawo amfani, ta kifi da noma da kiwo da itace, fiye da daidai shi da aka zuba a manyan filayen noman rani na sama. Ba na cewa a rufe Kadawa, ni ma shinkafar Kura nake ci. Abin da nake gani shi ne a riƙa sakin ruwa mai yawa a lokacin ambaliyarsa ta asali, a kuma ware wasu makonni da rani a rage shi sosai, a yashe mashigai. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are da jihohin da ke shan kogin ne za su zauna su tsayar da wannan jadawali, kuma ba zai tsayu ba sai da alƙaluma.

A Gashuwa, a teburin mai shayi, gardama ta kaure kan madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana son ginawa a kan kogin Jama'are a jihar Bauchi. Wani direba ɗan Azare na cewa su ma suna da haƙƙin noman rani. Wani Babade mai sayar da kifi ya ce yawancin ruwan da ke iso musu na Jama'are ne, in aka tare shi to Gaidam da Damasak da mutanen Diffa a Nijar sai su yi ƙaura. Kowa na da hujja, ba wanda ya sauka.

Ta Potiskum da Azare muka juyo. A gadar Jama'are muka tsaya: yashi fari fal, ruwa ɗan siriri na ratsa tsakiya, manoma sun haƙa rijiyoyin burtsatse a gaɓa suna ba albasa ruwa, kachalla kuwa sai ɗai-ɗai. Ba mu nemi kwalekwale ba. Muka naɗe wando muka shiga, ruwa iya gwiwa, muka yi awo muka kama hanyar Kano kafin magariba.