Gidan da ba a korar mashayi

Ranar da na fara aiki a gidan, da ƙarfe bakwai da rabi na safe, na tarar da mutum wajen ashirin sun yi layi a gaban wata 'yar taga, kowa da kofinsa. Hannuwan mafi yawansu rawa suke yi. Wata ma'aikaciya takan dubi fuskar mutum, ta dubi takarda, sannan ta auna masa giyar inabi ta juye a kofinsa. Gabana ya faɗi. Ni da na taso a Zariya, a unguwar da ko fankon kwalba aka gani a kwata sai an kwana ana maganarsa, yau ga ni a wani birni na lardin Ontariyo a Kanada, an ɗauke ni aiki a inda ake raba giya da agogo.

Kuɗin makaranta da na haya ne suka kai ni. Abin da na sani kawai shi ne gida ne na mutanen da suka shekara da shekaru suna kwana a titi. A ranar na sami shugabar wurin na ce mata ni Musulmi ne, ba zan zuba ba, ba zan ɗauka ba. Ta ce aiki ba ya ƙarewa a nan: ga kicin, ga rajista, ga raka marasa lafiya asibiti, ga zagayen dare. A kan haka muka tsaya. Ba zan ce zuciyata ta kwanta ba, don hadisin da ya la'anci mai shan giya da mai shayar da ita da mai dakonta tun ina islamiyya na haddace shi. Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce in bar aikin, ɗayan ya ce muddin hannuna bai taɓa ba, jinya nake yi. Na zauna, yau shekara huɗu ke nan, kuma har yanzu tambayar takan dawo mini wani lokaci.

Sai da na yi watanni kafin na gane su wane ne mutanen nan. Ba masu sha ranar hutu ba ne. Mutane ne da jikinsu ya riga ya saba da barasa har ba ya iya aiki sai da ita, an kai su gidajen gyaran hali sau biyar, sau goma, sun koma. In babu kuɗin giya, ruwan kurkurar baki suke sha, ko sanitaizar wanke hannu, ko ruwan goge ciwo na kemis, saboda barasar da ke cikinsu. Yawancin masaukan dare kuma ba sa barin mutum ya shiga da kwalba, wasu ma ba sa karɓar wanda ya bugu. To a ƙasar da sanyi kan kai digiri 25 ƙasa da sifili, wanda aka ce ya zaɓi gado ko kwalba, jikinsa ne ke yi masa zaɓin, ya kwana a waje. A farkon 1996 mutum uku marasa matsuguni suka daskare suka mutu a titunan Toronto. Bayan binciken da aka yi a kan mutuwarsu ne masaukin Seaton House ya buɗe sashen da ake ba irin waɗannan mutane giya a kan awo, a cikin ɗumi, ƙarƙashin kulawar ma'aikatan lafiya. Ottawa ta bi sahu a 2001. Gidanmu irin wannan tsari yake bi, sai dai kowa da ɗakinsa da makullinsa, kuma ba a ce masa sai ya daina sha kafin a ba shi.

Awon kusan mililita 150 ne duk awa, daga safe zuwa tara da rabi na dare, kuma likita ne ke yanke wa kowa nasa. Wanda aka ga yana tangaɗi, ba a zuba masa, a ce ya je ya kwanta ya dawo. Ana ba su abinci sau uku da ƙwayar bitamin B1, domin rashinta ga mashayi na iya lalata ƙwaƙwalwa.

Akwai wani dattijo, tsohon kafinta, ɗan asalin mutanen Inuwit daga can arewa mai ƙanƙara. Yana yaro aka raba shi da iyayensa aka kai shi makarantar kwana irin waɗanda gwamnati da coci-coci suka kafa don raba yaran 'yan asalin ƙasar da harshensu. Ba ya son maganar. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini ɗana. Da daddare idan na gama zagaye yakan zo kicin in dafa masa shayi irin namu mai citta da kanumfari, mu yi ta hira. Na ƙaunace shi, kuma ƙaunar ce ta ja ni ga kuskure mafi girma da na yi a aikin nan.

Na riƙa yi masa nasiha. Ba da faɗa ba, da lallashi: Baba, kai fa namiji ne, ka yar da abin nan gaba ɗaya, rana ɗaya ka ce ka gama. Wata Talata ya ce mini, "Ɗana, gobe za ka gani." Washegari bai shiga layi ba ko sau ɗaya. Da masu taga suka tambaye shi, ya ce ya sha a waje, aka rubuta haka. Ni kaɗai na san gaskiya, kuma murna na yi, na rufa masa asiri. Da na zo aikin dare na ga gumi na tsiyaya daga goshinsa, kofin shayi na karo da haƙoransa. Na dafa kafaɗarsa na ce ya daure.

Wajen ƙarfe uku na daren na biyu na ji ƙarar faɗuwa a banɗaki. Na same shi a ƙasa, jiki ya sandare yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, jini na zuba daga ƙeyarsa inda ya bugi bakin kwamin wanke hannu. Na juya shi ta gefe, na tura rigata ƙarƙashin kansa, na kira motar asibiti hannuna na kakkarwa. Ya yi kwana shida a kwance, biyu daga ciki bai san inda yake ba, yana ganin ƙwari suna hawa bango.

Nas ɗin gidan ba ta ɗaga mini murya ba. Ta zaunar da ni ta ce ƙwaƙwalwar da ta shekara talatin barasa na danne ta, ta koyi yin aiki da ƙarfi fiye da kima don ta rinjayi dannewar. In aka janye barasar dare ɗaya, sai ta zama kamar dokin da aka cire wa linzami. Jijjiga takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da zazzaɓi da bugun zuciya su biyo baya a kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan na iya kisa. Wanda ke son dainawa, ko dai a rage masa sannu a hankali, ko a kwantar da shi a ba shi magani. Ni duk a tunanina rashin ƙarfin zuciya ne ke hana mutum bari. Rashin sani ya fi dare duhu.

Da ya dawo na roƙe shi gafara. Ya ce shi ma so yake ya burge ni. Daga ranar ban ƙara ce wa kowa a gidan ya daina ba. Tambaya nake yi: me kake so ya canza?

A shekarar da wannan abin ya faru aka fara taron mazauna gidan duk Alhamis, su ke jagoranta, mu ma'aikata muna gefe. Mun shiga da shirin kawo mai lacca a kan hanta. Wata mata ta ce ta ji labarin hantarta daga likita ya fi sau ashirin, abin da ke kashe ta zaman banza ne tsakanin wannan kofi da na gaba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Suka ce suna son su riƙa girki da kansu ranar Lahadi, suna son fenti da takarda, suna son 'yar gona a bayan gida, kuma suna son a daina kwashe kayan wanda ya mutu a ɓoye kamar ba a taɓa yin sa ba. Baba ya ce a ba shi katako. An yi ta ja-in-ja a kan ba mashayi zarto, a ƙarshe aka yarda da safe kawai, da ma'aikaci a kusa. Ni ne ma'aikacin.

A nan na ga abin da nasihata ta kasa yi. Yana tsakiyar goge benci sai a kira layi, ya ce bari ya gama wannan ƙafar, har awar ta wuce. Shi da kansa ya je wurin nas ya ce a rage masa, don hannu mai rawa ba ya buga ƙusa daidai. Cikin shekara guda kofunansa suka sauka daga goma sha biyar zuwa tara. Bai taɓa kaiwa sifili ba. Amma ya daina shan sanitaiza, kuma 'yan sanda da a da suka san shi da suna ba su ƙara ɗauko shi daga bakin titi ba.

Ba mu kaɗai muka ga haka ba. A birnin Siyatil na Amurka akwai gidan 1811 Eastlake mai ɗaukar mutum 75, wanda aka buɗe a 2005, inda ake barin mazauna su sha a ɗakunansu. An zage shi sosai da farko, ana cewa kuɗin haraji ake kashe wa 'yan giya. Binciken da aka buga a 2009 ya nuna cewa kafin su shiga, kowannensu na cin wa hukuma kusan dala 4,000 a wata a asibiti da kurkuku da motar gaggawa, kuma kuɗin ya ragu da kusan rabi bayan sun samu ɗaki. Shan ma raguwa ya yi gwargwadon daɗewarsu a gidan, alhali ba wanda ya tilasta musu. Da na karanta wannan sai na tuna cewa haramcin giya ma ba rana ɗaya ya sauka ba. Aka fara da cewa zunubinta ya fi amfaninta, sannan aka hana kusantar salla cikin maye, sai daga baya ayar Ma'ida ta rufe ƙofar. Na san wannan tun ina yaro, amma ban taɓa haɗa shi da mutumin da ke gabana ba.

Kada a ɗauka gidan aljanna ne. Ana faɗa, ana zagin ma'aikata, wasu na fita su ƙara da ta waje su dawo a buge. Giyar awo ma giya ce, tana ci gaba da cin hanta, kuma duk wanda ya ce ba haka ba ne bai faɗi gaskiya ba. A shekara huɗun nan mun yi rashin mutum bakwai. Baba ne ya sassaƙa allon da muke rataye sunayensu a falo, ya bar gurabe da yawa a ƙasa. A bara ƙanwarsa, wadda ta shekara goma sha ɗaya ba ta san inda yake ba, ta zo ta kwana uku a gefen gadonsa, a ɗakinsa, har ya cika. Ita ta rataye sunansa.

Har yanzu aikin dare nake yi. Ƙarfe biyu nakan bi ɗakuna da 'yar tocila, in ƙwanƙwasa a hankali, in saurari numfashi. Wanda na samu ya yi rigingine sai in juya shi ta gefe, in tokare masa baya da filo saboda amai, in rubuta lokacin a rajista, in wuce ɗaki na gaba.